Mahaɗin tirela a bodin a-kori-kura: sikeli da tef kafin aljihu

TAMBAYA

 Ina zaune da iyalina a Houston, jihar Texas ta Amurka. Ina da a-kori-kura mai injin dizal, ajin 2500, mai ƙofa huɗu, tsawon bodinta ƙafa shida da rabi. Muna shirin sayen tirelar tafi-da-gidanka, irin mai dogon wuyan nan da ke hawa kan bodi, wadda a nan ake kira fif-wil, don mu riƙa fita da yara lokacin hutu. Takardar tirelar ta nuna cewa idan an cika ta maƙil nauyinta laba 13,000 ne. Dillali ya ce motata za ta ja ta ba ko gezau. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mahaɗin da za a kafa a bodi. Na ga iri-iri, daga na 'yan ɗaruruwan daloli har wanda ya haura dala dubu biyu. Wani abokina ya ce in sayi mai lamba mafi girma in huta. Wanne zan saya?

AMSA

 Allah ya sanya alheri a wannan niyya. Tambayarka tana da amsa, sai dai ka ɗauko ta daga ƙarshe. Mahaɗi shi ne abu na uku a jeri. Sikeli ne ke fara magana, tef ɗin awo ya biyo baya. Idan su biyun suka gama faɗin nasu, mahaɗan da za su rage maka a kasuwa ba za su wuce biyu ko uku ba, kuma zaɓi a tsakaninsu ba shi da wuya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda manyan motoci ke yada zango, a Tafa ko Mararrabar Jos, ya san faifan ƙarfen nan mai tsaga da ke bayan kan tirela, wanda kullum yake baƙi ƙirin da giris. Mahaɗin da kake nema ƙaramin wannan ne. A ƙarƙashin wuyan tirelar akwai ƙusa mai kaurin inci 2, daidai da ta yawancin manyan tireloli. Ita ke shiga tsagar faifan, haƙoran ƙarfe su rufe ta. Ana kafa faifan a tsakiyar bodi, a saitin aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ko a ɗan gabansa kaɗan.

Wurin da aka kafa shi, nan amfaninsa yake. Tirelar da aka maƙala a bayan bamba tana iya kaɗa gindin mota idan iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce da gudu. Wadda ta zauna a kan aksil ba ta da wannan damar, shi ya sa ta fi natsuwa a hanya, ta fi kuma sauƙin shan kwana. Amma akwai abin da ake biya. Tirelar bamba takan ɗora wa mota kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Irin taka tana ɗora kashi 15 zuwa 25. Motarka za ta ja kaya, za kuma ta goya wani babban kaso a bayanta.

Lambar da dillali bai faɗa maka ba

Dillalin bai yi ƙarya ba da ya ce motarka za ta ja. Injin dizal na wannan aji yana da ƙarfin jan abin da ya fi laba 13,000. Lambar ja ita ce ake bugawa da manyan haruffa a talla. Wadda za ta taka maka birki ita ce lambar ɗauka, kuma a ɓoye take a jikin ƙofar direba. Buɗe ƙofar, ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kansa. Za ka ga takarda mai ratsin rawaya da ke bayanin iskar taya, a kanta an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta, za ta ɗauka. Kusa da ita akwai wata takardar mai haruffan GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da GAWR, iyakar abin da kowane aksil zai ɗauka.

Mu yi lissafi da lambarka. Kashi 20 cikin ɗari na laba 13,000 shi ne laba 2,600, kimanin kilo 1,180. Wannan nauyin ƙusa ne kaɗai. Ƙara masa nauyin mahaɗin, a ce laba 200. Ƙara kai da maiɗakinka da yara, a ce 600. Ƙara akwatin kayan gyara, janareta, kular abinci da tarkacen tafiya, a ce 200. Ka tashi da laba 3,600. Idan tirelar mai nauyin gaba ce har ta kai kashi 25, lissafin ya haura 4,200.

To, mene ne ke rubuce a ƙofarka? Shekaru da dama kamfanoni suna tsayar da GVWR na ajin 2500, da takwararsa F-250 ta Ford, a laba 10,000. Mota mai ƙofa huɗu da injin dizal da giyar taya huɗu kan cinye wajen 7,500 zuwa 8,000 da nauyin jikinta. Abin da ya rage ke nan, laba 2,000 zuwa 2,500. Wasu sababbin ƙira an ɗaga musu iyakar, suna haura 3,000. Ka lura da wani abin mamaki: injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, saboda haka ya fi ja amma yana rage abin da motar za ta goya.

Kada ka yi lissafi da nauyin tirela fanko da ake rubutawa a takardar talla. Ba wanda ke tafiya da tirela fanko. Ruwa kaɗai, galan ɗaya ya ɗan haura laba 8, tankin galan 60 kuwa laba 500 ke nan. Ga tukunyar gas, ga batir, ga kayan abinci da tufafi, kuma babban ma'ajin irin waɗannan tireloli a gaba yake, kusa da ƙusa.

Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce hawa sikeli. A manyan tashoshin man da direbobin tirela ke tsayawa a Amurka akwai sikelin CAT Scale, mai faranti uku, kuma kuɗin awon bai taka kara ya karya ba. Cika tanki, ɗauki iyalinka da kayan da kuka saba tafiya da su, ka hau. Tayoyin gaba a faranti ɗaya, na baya a na biyu. Cire jimillar daga GVWR, ka ga abin da ya rage wa mota. Cire nauyin baya daga GAWR na baya, ka ga abin da ya rage wa aksil. Duba kuma iyakar nauyin da aka rubuta a jikin tayoyin. Mafi ƙanƙanta a cikin waɗannan lambobi ita ce gaskiyar motarka.

Idan lissafin bai fita ba, mafita biyu ce: ƙaramar tirela, ko mota ajin 3500, in nauyin ya yi yawa ma mai taya bibbiyu a baya. Za a ba ka shawarar sa jakar iska a ƙarƙashin bodi. Tana ɗaga gindin mota ya daidaita, tana da amfaninta, amma ba ta canza lambar da ke ƙofa, ba ta ƙara wa aksil ko taya ko birki komai.

Shawarar abokinka

Yanzu mu zo kan maganar sayen mai lamba mafi girma. Kowane mahaɗi yana da lambobi biyu: nauyin tirelar da zai ja, da nauyin da zai ɗauka a tsaye. A kasuwa za ka ga na laba 16,000, na 20,000, na 24,000 ko 25,000, har na 30,000. Lambar tsaye yawanci kusan rubu'in ta farko ce, misali mai 20,000 yakan ɗauki 5,000. Dole lambobin biyu su haura na tirelarka idan ta cika. Gare ka mai 16,000 ya isa, mai 20,000 kuma zai ba ka sarari idan wata rana ka sauya tirela.

Abin da ya wuce haka ba ya ƙara maka komai. Sabon akumari ba ya ƙara wa jaki ƙarfi. Iyakar abin da za ka ja ita ce ta abu mafi rauni a cikin jerin, ko mota, ko taya, ko ƙarafan da suka riƙe mahaɗin a ƙasa, ko mahaɗin. Babban mahaɗi ma ya fi nauyi, kuma kowace laba tasa daga cikin kasonka na ɗauka take fita. Idan kana son alamar inganci, nemi wanda kamfaninsa ya bayyana cewa an gwada shi bisa ma'aunin SAE J2638, wanda aka tsara don irin waɗannan mahaɗai.

Tef ɗin awo da gilashin baya

A nan ne bodinka mai ƙafa shida da rabi ya shigo, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Faɗin tirela inci 96 ne zuwa 102. Rabinsa 48 zuwa 51. Idan ka karya kwana sosai har mota da tirela suka yi kusurwa, rabin faɗin nan ne ke juyowa ya fuskanci ɗakin direba. A mota mai dogon bodi, ƙafa 8, tazarar da ke tsakanin bayan ɗakin direba da aksil kimanin inci 56 ce, tirelar za ta wuce lafiya. A gajeren bodi irin naka tazarar wajen inci 40 ce. Arba'in bai kai arba'in da takwas ba. Ƙarshen abin shi ne kusurwar tirela ta daki ɗakin direba, gilashin baya ya tarwatse. Yawanci a ribas ake yin wannan ɓarna, lokacin da hankalin direba ke kan madubi yana neman shiga wurin fakin a sansani.

Masu ƙera tireloli, waɗanda akasarinsu ke yankin Elkhart a jihar Indiyana, sun san yawancin masu saye gajeren bodi gare su. Shi ya sa sababbin tireloli ke zuwa da goshi mai yankakkun kusurwoyi, da ƙusar da aka turo gaba. Wannan ya rage matsalar, har wasu masu bodi irin naka suna amfani da mahaɗi kafaffe ba tare da sun taɓa fasa komai ba. Amma kada ka dogara da labarin wani. Auna daga bayan ɗakin direba zuwa inda tsakiyar mahaɗi zai zauna. Je wurin tirelar ka auna daga ƙusa zuwa kusurwar goshinta mafi nisa. Idan awo na biyu ya fi na farko, akwai kwanar da za su haɗu, kuma ƙasa marar daidai tana kusanto da ranar.

Magani uku ne. Na farko mahaɗi mai zamewa da hannu. Kafin ka shiga matsattsen wuri sai ka tsaya, ka sauko ka ja mariƙi, ka riƙe birkin tirela, ka matsa gaba, faifan ya zame baya da inci 10 zuwa 12 ya kulle. Ya fi araha. Aibinsa shi ne yana dogara da tunawarka, ga shi kwanar da ke fasa gilashi ba ta sallama. Kuma ba a hawa babbar hanya da shi a zame, domin nauyin ya koma bayan aksil, tayoyin gaba sun yi sakayau, sitiyari ya rage kamu.

Na biyu mai zamewa da kansa, irin SuperGlide na kamfanin PullRite ko Autoslide na Demco. Da tirela ta fara juyawa, faifan ke ja da baya, da ta miƙe ya dawo. Ba ruwanka da tunawa. Farashinsa ya fi, nauyinsa kan kai laba 250 ko fiye, wani irinsa yana bukatar faranti a jikin wuyan tirela, kuma yana son ka shigo kusan a miƙe wajen haɗawa da kwancewa.

Na uku, a bar mahaɗi kafaffe a sauya akwatin ƙusar tirela da irin mai juyawa, kamar Sidewinder na Reese. Shi yana mayar da wurin juyawar baya zuwa ƙarƙashin tirela, nauyin kuma yana nan a kan aksil. Kafin ka saya, tabbatar kamfanin da ya ƙera tirelar ya amince da shi a kan wannan ƙirar, kuma kada a haɗa shi da mahaɗi mai zamewa.

Mai bodin ƙafa biyar da rabi, wanda ya fi yawa a ajin 1500, ba shi da zaɓin kafaffe shi kaɗai. Shi ma dai yawanci sikeli ya riga ya sallame shi tun kafin a zo ga tef.

Yadda zai kama motar

Leƙa cikin bodinka. Idan ka ga murafu huɗu a kusurwoyi da ɗaya a tsakiya, motar ta zo da shirin ja daga masana'anta. Ramukan nan a haɗe suke da ƙarafan da aka ɗaure a shasi. Sai ka sayi mahaɗi mai ƙafafu huɗu, ka zura, ka murɗa mariƙai, shi ke nan. Ranar da kake son bodinka ka cire, ka mayar da murafu. Abin lura shi ne Ford da Ram da GM kowa da tazarar ramukansa, GM ma ta canza nata a 2020. Ka saya da sunan mota da shekararta.

Idan babu ramukan, tsohuwar hanya ita ce dogayen ƙarafa biyu da ake shimfiɗawa a kan daɓen bodi, a huda, a ɗaure su da maƙalai zuwa shasi. Tazararsu kusan ɗaya ce a wurin manyan kamfanoni irin su Reese da Curt, don haka mahaɗai da yawa na hawa kansu, kuma su suka fi sauƙin kuɗi. Illarsu, suna nan daram ko ka cire mahaɗin, kullum suna tare maka kaya. Nemi maƙalan da aka yi wa ƙirar motarka musamman. Sun fi na gama-gari saurin ɗaurawa, kuma sukan bi ramukan da shasi ya zo da su.

Hanya ta uku ta dace da wanda ke jan tirelar dabbobi ko ta kayan aiki, irin mai hawa kan ƙwallon ƙarfe na inci 2 da 5/16 a tsakiyar bodi, wadda a Texas kowa ya san ta da gusnek. Kamfanin B&W da ke Humboldt a jihar Kansas yana yin ƙwallon da ake kifewa ya ɓace a cikin daɓe, da mahaɗin Companion da ke zama a raminsa. Mota ɗaya, aiki biyu, bodi kuma fayau idan an cire. Akwai kuma na Andersen, na alminiyam, wanda bai kai laba 50 ba, mutum ɗaya na ɗaga shi. Wanda lissafin ɗaukarsa ya matse zai so wannan sauƙin. Sai dai shi a kan ƙwallo tirelar ke zama, ana ɗaura wa ƙusa wani maƙali, ana bin notocinsa da awon ɗauri a kai a kai, kuma jihohi da dama na neman sarƙar kariya ga duk abin da ke kan ƙwallo.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne dogon bututun nan mai araha da ake ɗaura wa ƙusa don ta sauko kan ƙwallo. Tsawonsa yana ƙara ƙarfin murɗa a kan ƙarafan wuyan tirela duk lokacin da ka taka birki ko ka tashi, kuma ba a ƙera wuyan don haka ba. Kamfanoni da yawa kan janye garantin shasin tirela saboda shi. Idan ƙwallo kake so, akwai akwatin ƙusa da ake sauyawa gaba ɗaya, irin Goose Box na Reese. Shi ma ka nemi amincewar mai ƙera tirelar a rubuce.

Haƙora da kai

Bambancin farashi tsakanin mahaɗai masu lamba ɗaya yawanci a baki yake. Mafi araha sanda ce ke gittawa a bayan ƙusa. Tana riƙewa, amma akwai sarari, kana jin ƙwas a kowane tashi da tsayawa. Sai mai haƙora biyu da ke rufowa ta hagu da dama. Sai mai kauraran haƙora ko haƙori ɗaya da ke naɗe ƙusar kewaye ba tare da sarari ba. Wanda zai yi tafiyar sa'o'i da yara a baya, kuɗin da ya ƙara a nan bai faɗi ƙasa banza ba. Wannan bugun yana gajiyar da mutane, yana kuma cin ƙarfe a hankali.

Kan mahaɗin ma iri biyu ne. Akwai mai sunkuyawa gaba da baya kawai, akwai mai karkata har hagu da dama. Ɗauki na biyun. Filin sansani ba kasafai yake daidai ba, kuma idan mota ta karkata gefe tirela ta karkata wani gefen, kan da ba ya bi sai ya ƙi haɗuwa ko ya ƙi saki. Duba kuma mariƙin: ya kasance hannunka na kai wa gare shi daga ƙasa, yana da ramin kwaɗo, kuma ana iya ganin haƙoran da ido idan sun rufe.

Tsayi

Motocin yanzu dogaye ne, bangon bodinsu ya yi sama. Ana bukatar tazarar inci 6 tsakanin saman bangon bodi da ƙarƙashin wuyan tirela. Idan ta gaza haka, ranar da ka hau gangaren shiga gidan mai sai wuyan ya zauna a kan bodi ya lotsa shi. Tare da haka ana son tirelar ta tsaya daidai. Idan gabanta ya ɗaga, nauyi ya taru a aksil ɗinta na baya, tayoyinsa su yi zafi, su riga sauran fashewa. Mahaɗai suna da ramukan ɗagawa da saukewa, akwatin ƙusa ma haka. Auna tsayin daɓen bodinka daga ƙasa, auna tsayin farantin ƙusa lokacin da tirela ke daidai, ka tuna mota za ta zauna da inci biyu ko uku idan nauyi ya hau. Mahaɗin da tsayinsa bai faɗa cikin wannan awon ba, ka bar shi ko an yi ragi.

Bayan an haɗa, auna tsayin tirelar daga ƙasa zuwa saman na'urar sanyaya ɗaki, ka rubuta ka manna a gaban sitiyari. Manyansu na kai wa ƙafa 13 da rabi, kuma akwai gadoji da rumfunan gidan mai da ba su kai haka ba.

Wa zai ɗaura

Daɓen bodi falle ne na ƙarfe marar kauri. Ba shi ke riƙe tirela ba, shasi ne. Duk ɗaurin da bai kai ga shasi ba, jiran ranar tsautsayi yake. Wannan gargaɗin har da masu karatu a gida da ke tunanin kai Hilux wurin mai walda ya ƙera musu irin wannan don jan shanu ko hatsi. Motar da ke ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba, ba a yi ta don wannan nauyin ba, kuma walda a jikin shasi na iya raunana shi a daidai inda ake son ƙarfinsa.

Kai abin wurin wanda aikinsa ke nan. A ƙarƙashin daɓen akwai tankin mai, bututun birki da wayoyi, kuma huda ɗaya a wurin da bai dace ba ta isa. Idan bodinka na da shimfiɗar roba mai cirewa, sai an yanke ta ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe, in ba haka ba robar za ta lotse notoci su saki. Wadda aka fesa ba ta da wannan matsalar. Masu Ford Super Duty daga 2017 su tuna bodinsu alminiyam ne, sai an sa abin da zai raba shi da baƙin ƙarfe don kada haɗuwarsu ta ci shi. A sa maka soket mai baki bakwai a cikin bodi, a kuma tabbatar na'urar sarrafa birkin tirela tana aiki.

Ranar haɗawa

Mafi tsadar mahaɗi ma yana sakin tirela idan ba a haɗa shi daidai ba. Sa weji a tayoyin tirela. Sauke ƙofar bodi. Daidaita ƙafafun tirela yadda farantinta zai ɗan yi ƙasa da faifan, don ya hau kansa da ɗan turawa. Idan tirelar ta yi sama, ƙusa kan zauna a saman haƙora maimakon cikinsu, mariƙi ya rufe kamar komai lafiya, sai ka tashi tirela ta faɗo kan bodi. Bayan ka ji ya kama, sauko da tocila. Kada a ga haske tsakanin faranti da faifai, kuma ka ga haƙoran sun rufe wuyan ƙusa. Kulle mariƙi. Sa wayar tirela a soket. Igiyar birkin gaggawa ka ɗaura ta a jikin mota, a wurin da zai tsaya ko mahaɗin ya tafi.

Sai gwajin da direbobin manyan motoci ba sa tsallakewa. Ɗaga ƙafafun tirela inci ɗaya kacal daga ƙasa, riƙe birkinta da hannu, ka ɗan ja gaba a hankali. Idan haɗin ƙarya ne, tirelar za ta sauka a kan ƙafafunta, ba a kan motarka ba. Idan ta riƙe, naɗe ƙafafu, cire weji, rufe ƙofar bodi. Shafa giris a haƙora da ƙusa, a kan faifan kuma ko giris ko farantin robar da ake sayarwa don haka.

Abin da zan ce ka yi

Hau sikeli a wannan makon, kafin ka ba da kafin alƙalami. Idan abin da ya rage wa motarka bai kai laba 3,000 ba bayan iyali sun shiga, wannan tirelar ta fi ƙarfinta, ka nemi wadda ba ta kai ta nauyi ba ko ka sauya mota. Idan lissafi ya fita, ɗauki tef ka je wurin tirelar. Goshi mai yankakkun kusurwoyi da awon da ya ba da sarari, mahaɗi kafaffe mai laba 16,000 zuwa 20,000, mai haƙoran da ke naɗe ƙusa da kai mai karkata ta ko'ina, ya wadatar. Idan awon ya matse, tunda sabon shiga ne kai, mai zamewa da kansa ko akwatin ƙusa mai juyawa ya fi maka, muddin ka sa nauyinsa a lissafi.

Duba lasisinka kuma. A Texas, idan iyakar nauyin mota da ta tirela suka haɗu suka kai laba 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, ana bukatar lasisin aji A ko da ba haya kake yi ba. Mota mai 10,000 da tirela mai 13,000 ba su kai nan ba, amma ajin 3500 mai taya bibbiyu zai iya tsallakar da kai. Sanar da kamfanin inshorarka.

Da ka karɓi tirelar, loda ta kamar za ku tafi, ka koma sikeli sau biyu, da ita da kuma ba ita. Bambancin nauyin motar shi ne ainihin nauyin ƙusarka. Daga nan ka nemi babban fili da ba kowa, ka sa mutum ya tsaya a gefe yana kallon tazarar goshin tirela da gilashi, ka riƙa karya kwana a hankali har ka san iyakarka. Bayan tafiyar farko, a sake bin notocin mahaɗin da awon ɗaurin da littafinsa ya faɗa. Allah ya kiyaye hanya.